Ranar da Gagara-Wuta Ya Kashe Hita

A duk masana'antar robobin nan babu wanda ya san man baifenil kamar shugaban sashen tukunyar da ake ɗumama man. Shi da kansa ya faɗa, kuma kullum sai ya maimaita. Man ne ke zagayawa cikin bututu yana kai zafi ga injuna, ga shi da jure wuta, ba ya saurin tafasa. Saboda haka ma'aikata suka laƙaba wa mutumin Gagara-Wuta. Shi kuwa ya ɗauka yabo ne.

"Ni da man nan jininmu ɗaya," yakan ce, yana shafa tumbi. "Ku dai ku sa safar hannu da tabarau da takunkumi, kada tururinsa ya ci muku ido. Amma fuska irin tawa ba a rufe ta."

Abu ɗaya ke hana shi sukuni, kujerar mataimakin manaja. Sai ga labari: mai kamfani zai zo zagaye, har da mai ɗaukar hoto, daga nan a sanar da wanda aka zaɓa. Gogan naka ya ɗinko farar kwat, ya sha turare kamar ya yi ɓarinsa.

Ranar zagayen da safe ya leƙa ɗakin tukunya, zufa ta karyo masa. Haba, a ɗauke shi hoto yana naso? Ya ce a rage wuta, a kashe hitocin da ke ɗumama bututu, a kunna fankoki.

"Masani irina ya san lokacin da inji ke son hutu!"

Ashe man da ke raina zafi, sanyi ne ba ya so. Kafin azahar ya daskare cikin bututu kamar kyandir. Mai kamfani na shigowa, famfon da ke tura man ya yi tari biyu, injuna suka yi tsit.

"Wa ya kashe hita?" mai kamfani ya tambaya.

Duk ma'aikata suka juyo suna kallon farar kwat, cikin ladabi.

"To, tunda kai da man jininku ɗaya, kai za ka narkar da shi," in ji mai kamfani.

Aka naɗe Gagara-Wuta da rigar leda, safar hannu, tabarau da takunkumi, ya wuni yana tsiyayar zufa. Kujera dai ta tafi hannun wani.

Hoton kuwa ya yi kyau matuƙa, har aka manna shi a bakin ƙofa don koya wa sababbi shigar aiki. Kullum sai ya tsaya a gabansa yana ce wa baƙi, "Ni ne nan!" Har yau ba a sami wanda ya yarda ba.