Lahadin da Na Dafa Gonar Citta

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da Lahadin da na tara mutanen cocinmu a bakin gonata su ga yadda na dafa irin cittar ubana ba. Dafawa nake nufi, ta gaske. Gona guda cur.

Ni mutumin wani ƙauye ne bayan Kwoi, inda citta ce albashinmu, ita ce fanshonmu. Makaranta a aji biyu na sakandare na tsaya (rashin gata ne, haka nake gaya wa 'ya'yana), amma aji biyun nan ya ishe ni in riƙa jin na fi maƙwabtana. Shi ya sa da wata ƙungiya ta aiko neman manomi mai jin Turanci ya je bita a Kafanchan, ban jira an zaɓe ni ba, na miƙe tsaye.

Ɗakin bitar sanyi gare shi kamar gindin rijiya. Aka haska hotuna a bango: gonakin wata ƙasa, shimfiɗaɗɗu, babu dutse ko ɗaya, an lulluɓe kunyoyin da leda, wasu jajayen 'ya'yan itace da ban taɓa gani ba suna leƙowa. Malamin saurayi ne mai laushin hannu, Turancinsa ta hanci yake fita. Cikin kalma biyar ina kama ɗaya, ina gyaɗa kai kamar ƙadangare. Sauran lokacin kuwa ba na ɗakin. Ina can cikin gonar hoton, da farar hula, iska tana kaɗa rigata, Turawa sun sauko daga mota suna tambaya ta yaya na yi. Bayan an ba mu shinkafa da kaza da rana, sai mafarkin ya ƙara zurfi, idona a buɗe. Da yamma aka ba kowa ƙaton naɗin leda, gefe ɗaya baƙi, ɗaya fari mai ƙyalli, da takardar bayani, da satifiket. Satifiket ɗin kawai na karanta.

A wajenmu, in an shuka citta, mata sukan shiga daji su yanko ganye da ciyawa a rufe gonar. Ganyen yana tare rana, yana riƙe laima, in ya ruɓe ya zama taki. Aiki ne mai karya wuya, tun ina yaro nake ganin uwata da dami a ka. Na dawo na gaya wa matata Saratu cewa zamanin dami ya wuce.

Ta shafa ledar, ta sansana. Ta ce, "Baban Rahila, wannan abu zai bar ƙasa ya yi numfashi?"

Na ce, "Ke kin je bita?"

"Ban je ba."

"To."

Ta roƙe ni in bar mata ko kwano ɗaya na iri ta shuka ta hanyar da. Na hana. Irin nan ba na kasuwa ba ne. Babana ya karɓa daga hannun babansa, kowace shekara muna binne na baɗi a inuwar mangwaro. Shi kaɗai ya bar mini, shi da fartanya. Na tono shi duka, na yanyanka ido-ido, na shuka bayan ruwan fari.

Sai na shimfiɗa leda. Baƙin gefen na sa a sama, saboda a tunanina mai ƙyallin shi ne fuskar, kamar atamfa, bai kamata rana ta ci shi ba. A hoton takardar na ga ramuka a jiki, amma wa zai huda sabon abu da hannunsa? Na ce in tsiro ya turo sai in buɗe masa ƙofa. Na danne gefuna da duwatsu da ƙasa, ko tururuwa ba ta da hanyar shiga.

Ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe. Kullum nakan hau dutsen da ke kan gonar in zauna in kalla. Gaskiya ta yi kyau. Baƙa wuluk, tana sheƙi kamar sabuwar kwalta, zafi yana rawa a samanta har bishiyoyin can nesa su yi kamar suna iyo. A cikin wannan rawar zafin na gina gida mai jan kwano, na sayi mota, na kai Rahila jami'a, na yi hira a rediyo. Har sunan da zan sa wa motar na zaɓa. Ban taɓa sauka na sa hannu a ƙarƙashin ledar ba.

Cittar maƙwabta ta fara leƙowa ta cikin ganye. Baba Yohanna, tsohon da gonarsa ke jikin tawa, ya ce, "Ɗana, naka fa?" Na ce tawa tana girma a ciki, cikin natsuwa. Ranar Lahadi kuma, da Pasto ya ce wa yake da shaida, shaiɗan ya ɗaga ni. Na gode wa Ubangiji da ya fitar da ni daga duhun noman kakanni (da bakina na faɗa, a gaban dattawan ikilisiya), na gayyaci kowa ya zo bayan sujada a buɗe gonar zamani.

Suka zo. 'Yan zumuntar mata da ankonsu, dattawa da sandunansu. Pasto ya yi addu'a mai tsawo a kan sabon abu. Na kawar da duwatsu, na kama bakin leda, na ja da ƙarfi kamar mai buɗe sabon asibiti.

Wani ɗumi ya bugi fuskata. Bayansa wari, irin na kunun da ya kwana uku da citta a ciki. Babu tsiro ko ɗaya. Na tona da yatsa, na ciro guda, ya narke a hannuna kamar dafaffen dankali. Na matsa gaba na tona, haka. Na ruga ƙarshen gona da rigar coci, haka.

Baba Yohanna ya tsuguna, ya ɗauka, ya matsa, ya kai hanci. Ya ce, "Ya nuna. Saura sukari."

Mata suka cusa fuska cikin zane, kafaɗu suna rawa. Pasto ya kama tari, ya juya yana duban dutse. Saratu kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa tana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, tana neman ko guda mai rai. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Washegari na kira malamin bita. Ya ce ai da rana ya yi bayani, farin a sama, a huda kafin shuka. Ya ƙara da cewa ma dai don tumatir da barkono aka kawo ta, ba su taɓa gwada ta a kan citta ba. Na ce to me ya sa kuka ba manomin citta? Ya ce sunan garinmu ne a takardar rabo. Nawa laifin na ɗauka, babba ne. Amma wanda ya ɗebo abu daga ƙasar da ake neman ɗumama ƙasa ya kawo inda muke neman sanyaya ta, bai tambayi tsohuwa ko ɗaya dalilin ganye ba, shi ma ya ɗauki nasa. Har yau fartanya tana tono yagaggiyar leda a gonar, ba ta ruɓewa.

Ba zan ce duk kayansu banza ba ne. Injin tsaga citta da suka ba zumuntar mata ya raba yatsun Saratu da wuƙa. Ledar ma, da ta wanke sauran ta mai da ita shimfiɗar shanya, cittarmu ta daina kwasar yashi, masu saye daga Jere har yabawa suke.

Kwana uku bayan abin kunyar, Baba Yohanna ya shigo da buhu rabi, sauran irin da bai shuka ba. Ya ce, "Na babanka ne. Shi ya ba ni shekarar da na yi aure. Amma ganyen rufewa kai za ka ɗauko, ba matarka ba."

Haka aka yi. Sati guda ina ratsa tsakiyar gari da dami a ka, masu mashin suna danna mini ham, suna gaishe ni da Injiniya. Sunan ya bi ni har yau. Yanzu duk wanda ya kawo mini sabon abu nakan karɓa, in yi godiya, in gwada a kunya ɗaya tak. Kafin nan kuma sai na miƙa wa Saratu ta sansana, ita da ba ta je bita ba.