Jirgin da Na Zaɓa wa Surukina

Bashir, mijin 'yata, ya kai ni Abhur, can bakin teku, in taya shi zaɓe tsakanin tsofaffin jiragen ruwa biyu na katako, irin masu tafiya da iska. Guminsa duka zai zuba a ciki, don ya riƙa yawo da masu shaƙatawa. Ban san komai game da jirgi ba, amma na iya karatu, na ɗauka ya isa.

Na raina duka biyun, sai na hango wani na uku a gefe, da jan rubutun Larabci a jikinsa babu wasali. Na gyara tabarau, na sa masa wasalin da kaina.

"Ta'aluf," na ce. "Haɗuwar zukata ke nan. Wannan za ka saya."

"Baba, a bari dillali ya zo tukuna."

"Na gama magana. Halas."

Na yi bisimilla na taka cikin jirgin, ƙafata ta fasa katakon har gwiwa. Dillalin ya rugo yana riƙe ciki don dariya. "Ya Hajj, talif aka rubuta! Lalatacce ne!"

Bashir ya ciro ni. Kunyar surukuta ta hana shi dariya, kafaɗunsa kawai ke rawa.

Har yau idan miya ta kwana ta yi tsami, matata kan ce, "Malam, zo ka duba, ta yi ta'aluf."