Shekarar da Na Noma wa Awaki Dankali

Shekarar da aka sami 'yancin kai na dawo Jabo daga kwas ɗin aikin gona, da takardar shaida da buhu biyu na takin zamani. Har tafiyata ta canza. Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yankar mini kunya goma a gonarsa in shuka dankali. Shi kuwa ya shuka nasa inda shanun Fulani suka yi rani.

Na dubi kashin shanun na ce, "Kawu, an wuce wannan zamanin."

Ya dubi takin nawa ya ce, "To, Malam. Amma wanga gishiri naka, bai yi yawa ba?"

Na juye buhunan duka, har ina tausaya masa.

Ganye ya fito kore shar, ya rufe kunyoyin, ya tsallaka hanya. Masu zuwa kasuwar Tambuwal kan tsaya kallo, ni kuma in hau bayani ba wanda ya tambaye ni.

Ranar tono na gayyato maƙwabta, na aro jakuna biyu. Na kafta fartanya, na zaro saiwa siririya kamar zariyar wando. Na matsa gaba, haka. Kawu kuwa kowane sara sai ga dankali kamar kan jariri. Sai wani ya fashe da dariya.

Ganyen dai jakunan suka ɗauko, awakin unguwa suka yi sati suna biki.

Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Amma har yau, da furfurata, in na ratsa Jabo sai wata tsohuwa ta leƙo: "Sarkin Ganye, bana ma awakinmu na jiranka!"