Agogon da Na Sayar wa Ladan

Ba zan taɓa mantawa da wani azumi da ya faɗo a farkon damina ba, shekaru kaɗan kafin mulkin kai, ina saurayi ɗan koli. Daga Dutsin-Ma nake ɗaura akwatina a bayan keke in tafi cin kasuwar Kurfi, da madubai da allurai da turare. Ina ji da kaina ƙwarai a lokacin (har ɗan siririn gashin baki na ajiye don a ce na waye).

A Kano na gamu da agogunan. Wani mutum ya ja ni bayan rumfa ya kwance ƙunshi, sai ga agogunan aljihu masu sarƙa, kowanne da tambarin wani kamfanin Ingila da ya yi suna. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce, "Jabu ne, tambarin kawai aka kwaikwaya. Amma a ƙauye wa zai gane?" Na tambaye shi ko doka ba ta hana ba. Ya yi dariya, ya ce Turawan da ke da tambarin ba su san hanyar Kurfi ba. Amsar ta ishe ni, don dama ita nake son ji. Na kwashi shida.

Malam Iro ladan ne a wani masallacin unguwa a Kurfi, aminin mahaifina tun suna yara. Baba nake ce masa, kuma a zaurensa nake jingine keke duk ranar kasuwa. Idonsa ya fara rauni, in hadari ya haɗu ba ya iya tantance faɗuwar rana. Da ya ga agogon sai ya yi ta juya shi a tafin hannu.

"Na ƙwarai ne, ɗana?"

"Baba, ɗan Ingila ne. Ga tambari ma."

Tunkiyarsa ya sayar ya biya ni, ya kuma sa mini albarka. Na ce amin da ƙarfi.

Kasuwa biyu bayan nan, tun la'asar hadari ya rufe yamma, gari ya yi duhu. Na zauna a ƙofar masallacinsa cikin jama'a, an jera kunun tsamiya da ƙosai. Har da manoman Barkiya da suka wuni a rana suna jiran hadari ya wuce su kama hanya. Baba ya zaro agogo, ya kai shi dab da ido, ya miƙe ya kira salla. Muka yi bisimilla. A cikin gidaje ma mata suka sha ruwa, don muryarsa suke jira. Ina cikin ludayi na uku iska ta taso ta yage gajimaren, sai ga rana jawur a saman bishiyoyi, da sauranta sosai.

Wani dattijo ya tofar da abin da ke bakinsa yana salati. Liman ya ce kowa ya kame baki har rana ta faɗi, kuma duk wanda ya sha zai rama azumin bayan salla. Baba na tsaye inda ya kira sallar, ya kara agogon a kunne. Na ji ana cewa tsufa ya kama shi, ya kamata a sake ladan. Ni kuwa da na san gaskiya, har taya su girgiza kai na yi.

Wani malamin firamare ne ya gwada agogon da nasa, ya ga ya yi gaba da nisa. Ya ɓalle bayansa ya nuna wa mai unguwa, ya ce wannan ko ƙyauren Ingila bai taɓa gani ba. Kwana uku a tsakani, ɗan doka ya zo har rumfata ya ce alƙali na nemana.

Na tafi da hujjojina a shirye. Na ce, "Allah gafarta malam, ba ni na ƙera ba, ba ni na buga tambari ba. Kuma ban san dokar da ta hana sayar da agogo ba."

Alƙali ya ce, "Sayar da agogo halal ne, ko na gwangwani ne, in ka faɗa wa mai saye na gwangwani ne. Tambayata ɗaya. Lokacin da ka ce masa ɗan Ingila ne, ka san ba shi ba ne?"

Kafin in haɗa ƙaryar da zan yi, Baba ya yunƙura ya miƙe. Ya ce, "Allah gafarta malam, yaron nan a hannuna ya tashi. Shi ma cutarsa aka yi a birni. In rantsuwa ake so, a kawo Alƙur'ani, ni zan rantse bai sani ba."

Da gaske yake. Har ya fara naɗe hannun riga zai fita alwala, tsoho, da azumi a bakinsa, zai rantse a kan ƙaryata. Ban san lokacin da na riƙe gefen rigarsa ba.

"Baba, zauna. Na sani."

Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Ka sani, ɗana?" Sannan ya zauna yana kallon tabarma. Na gwammace a ce bulala aka shimfiɗa mini.

Alƙali ya ce cinikin algus ne, ya ɓaci, in mayar masa da abin da ya biya. Sauran agogunan biyar aka sa ni na farfasa su da dutse a ƙofar kotu, mutane na kallo. Ya ce batun tambari tsakanina da masu shi ne in sun zo nema, amma azumin unguwa guda tsakanina da Allah ne.

Baba bai ƙara kiran salla ba a azumin nan. Sai bayan salla liman ya je da kansa ya lallashe shi ya dawo. Ranar da unguwar ta rama azuminta ni ma na rama nawa, na je wajen Baba ya yafe mini. Ya yafe, ya ce in ci gaba da ajiye keke a zaurensa, amma ban sake iya ƙetare ƙofar nan ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Tun daga nan, duk abin da zan sayar sai na fara da faɗin aibinsa, har abokan ciniki na cewa ni kaɗai ne ɗan kasuwar da ke kushe kayansa. Ban yi arziki ba. A Kurfi kuwa shekara da shekaru, in na sauka daga keke, sai wani ya ɗaga murya daga rumfa ya ce, "Malam, ƙarfe nawa a Ingila?" Ba na fushi. Nakan ce masa ya dubi rana.