Ayar Da Aka Nema A Zabura Aka Rasa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ƙaddamar da littafina a unguwar Durumi ta Abuja ba, kuma wallahi na yi ƙoƙarin mantawar. Har yau in na haɗu da tsofaffin majami'armu a wurin biki, akwai wani murmushi da suke haɗawa da gaisuwa, ni kuma na san daga inda ya fito.

Lokacin ne gwamnati ke kwaso ma'aikatu daga Legas zuwa Abuja, ni ma aka kwaso ni da iyalina. Gari duk jar ƙasa da tifofi. Majami'armu rumfar kwano ce da bencina, ana sujada da Hausa domin ita ta haɗa mu: Gbagyi masu gari, magina daga Filato, masu gadi daga Adamawa, sai mu 'yan ofis. Ni ke koyar da nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba. Ba yabon kai ba (to, yabon kai ne), in na fara zubo ayoyi da ka, ko kallon littafi ba na yi, har suka sa mini suna Malam Sura-da-Aya. A ofis ni ƙaramin akawu ne da ake aike da fayil. Amma ranar Laraba, in na tsaya gaban allo, ni ma mutum ne. Bayan iyalina babu abin da nake ƙauna kamar ajin nan.

Sai kaina ya ba ni shawara in rubuta labarin rayuwata, daga ƙauyenmu a kudancin Kaduna zuwa Legas zuwa Abuja, don ya zama shaida ga matasa. Kowane babi na buɗe shi da ayar da ta riƙe ni a wannan zamanin. Babi na farko a kan yarintarmu ne bayan rasuwar Baba, shekarun da tuwo ba ya isa. Ayar wannan babi ban ko tsaya tunani ba. Duk lokacin da Mama ta ajiye mana kwano, sai ta ɗora hannu kan tsohon Littafi Mai Tsarki na Baba ta ce, "A rubuce yake: ku ci na yau, Ubangiji yana kan dafa na gobe."

Da wannan ayar na girma. Na faɗe ta a jana'iza, na faɗe ta ga marasa lafiya a asibiti, har ayar haddacewa na ba 'yan ajina. Abin da ya rage kawai in sa sura da aya a ƙarƙashinta. Nawa Littafin na Hausa yana cikin akwatunan da muka bari a Legas muna jiran mota. Matata ta miƙo mini nata.

"Baban Rahila, ga nawa nan, ka duba mana kafin ka kai wa masu bugawa."

"Haba Maman Rahila," na ce, "ni za a koya wa Zabura?"

Na rufe ido, na ji a jikina cewa Zabura ta ɗari da sha bakwai ce, aya ta tara. (A jikina fa na ji, ku lura.) Ayar ta yi mini daɗi ƙwarai, har na ce wa mai buga littafin a Kaduna ya sa ta a bangon gaba da manyan baƙaƙe, ƙasan hotona da nake sanye da kwat.

Aka sa ƙaddamarwa ranar Lahadi bayan sujada. Na aika aka ɗauko Mama daga ƙauye. Na gayyaci ogana na ofis, wani Alhaji Bakatsine mai kirki, ya zo da babbar riga ya zauna a gaba kusa da dattawa. Zumuntar mata sun sha anko, mawaƙa sun yi waƙa, ni kuwa ina kan kujerar roba ina gyaɗa kai irin na marubuta.

Fasto ya ɗaga littafin ya ce kafin komai bari mu ji Maganar Allah da ke bangon. Ga wanda bai taɓa shiga majami'ar Hausa ba, al'adarmu ita ce mai wa'azi ba ya karanta aya da kansa. Yakan kira sura da aya ne ya ce, "Wanda ya samu ya karanta." Sai kowa ya buɗe nasa, a yi rige-rige, wanda ya riga ya miƙe ya karanta da ƙarfi. Sau dubu na ga ana yi, ni kaina haka nake yi a aji. Amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa za a yi wa bangon littafina haka.

"Zabura ɗari da sha bakwai, aya tara. Wanda ya samu ya karanta."

Takardu suka fara ƙara ta ko'ina. Na jira wani ya miƙe. Babu wanda ya miƙe. Na ga kawuna suna sunkuyawa, wani yana leƙa na maƙwabcinsa, wani dattijo ya cire tabarau ya goge ya mayar. Can sai shugabar zumuntar mata, Mama Saratu, wata Bagwariya da ba ta iya raɗa ba, ta ɗaga hannu.

"Fasto, nawa ya ƙare a aya biyu fa. Ko an yage shi ne?"

"Nawa ma biyu ne," in ji wani daga baya.

Fasto, Allah ya yi masa albarka, ya so ya rufa mini asiri. Ya ce wataƙila masu bugawa ne suka yi kuskuren lamba. Da ina da hankali da nan na tsaya na ce a yi haƙuri zan duba. Ina! Sai na miƙe na gyara kwat na ce, "Lalle kuskurensu ne. A Misalai take, sura ta goma sha biyar." Na ɗora wa bawan Allah mai injin buga littafi laifi a gaban bagade, bakina ko rawa bai yi ba.

Aka sake buɗe littattafai. Wannan karon Mama Saratu ta karanta surar gaba ɗaya, a hankali, da yatsa. Babu tuwon yau, babu na gobe. Gumi ya jiƙa mini riga har ya fito ta kwat. Na saci kallon Alhaji, na ga ya duƙar da kai yana nazarin takalminsa, tausayina yake ji. Matata kuwa ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Duk wannan Mama, mahaifiyata, ba ta san me ake ciki ba, domin kunnenta ya yi nauyi. Ta taɓa matata ta ce, "Wai me ya ɓata ake nema?" Matata ta karanta mata bangon a kunne. Sai Mama ta tuntsire da dariya, ta dafa sandarta ta miƙe.

"Ku rufe littattafanku, 'ya'yana, kada ku wahala. Ba za ku same ta ba. Ni na yi ta."



"Ni ban iya karatu ba," ta ce. "Da ubansu ya rasu, yaran nan in na ba su tuwo sai su ci rabi su ɓoye rabi cikin riga, wai tsoron gobe. Wannan mai kwat ɗin ya fi kowa ɓoyo. In na ce su cinye ba sa ji. Sai na ga in na dafa littafin ubansu na ce a rubuce yake, suna cinyewa. Na roƙi Ubangiji gafara tun tuni, na kuma san ya yafe. Ban san yaron nan zai kai ta har Abuja ba."

Wasu suka fashe da dariya, wasu mata suna share hawaye, wata ta rangaɗa guɗa. Ni dai ina tsaye ina addu'a ƙasa ta tsage in shige. Kunya ce iri biyu ta rufe ni: ta ƙaryar da na yi yanzu-yanzu, da ta cewa na yi shekaru ina koya wa mutane Littafin da girman kai ya hana ni buɗewa.

Ranar Talata Fasto ya zo gida da dattawa biyu. Suka sha ruwa, suka yaba littafin, sannan Fasto ya ce, "Malam, ikkilisiya ta ga ya kamata ka ɗan huta da ajin Laraba." Ban yi musu ba, da wane bakin? Aka ba da ajin ga wani magini ɗan Filato, mutumin da ba ya faɗin aya sai yatsansa na kanta. Hutun nan nawa bai ƙare ba har na yi ritaya. Na ci gaba da zuwa ajin, ina zama a bencin baya, kuma na daɗe ina jin ciwon abin a raina.

Dattawa sun kuma ce kada a sayar da ko kwafi ɗaya sai an gyara. Haka na zauna a tsakar gida da biro, ina soke Zabura a bango da babi na farko, ina rubuta "in ji mahaifiyata". Mama na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce in karanta mata abin da nake rubutawa, na karanta.

"Yauwa," ta ce. "Sarki Dauda yana da nasa da yawa. Ka bar mini guda ɗayan nan."

Darasin da na koya dai ga shi, kyauta na ba ku: duk abin da ka haddace tun kana yawo ba wando, kafin ka kai wa mai buga littafi, fara zuwa ka tambayi uwarka inda ta samo shi.