Ƙahon Tsawa Ya Ƙi Fita Ta Ƙofa

"Ni littafin na karanta," in ji mai walda, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da ya wahalar da wata makaranta ba. "Fim na ragwaye ne. Duk makamin da ke littafin zane, sai 'yan fim sun lalata shi."

Manajan silima yake wa wannan jawabi. Bawan Allah ya zo ne a ƙera masa Ƙahon Tsawa, wanda jarumin sabon fim ke busawa duwatsu su tsage, don mai tsaron ƙofa ya riƙe ranar buɗewa. In aiki ya yi kyau, gyaran duk kujerun silima na Injiniya ne.

"Zo ka kalli fim ɗin tukuna," in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, na fim jabu ne. Na asali zan yi maka."

Karatun nasa, ka san, bai wuce wani tsohon littafi da ya tsinta a ƙarƙashin benci ba. A shafin farko an zana ƙahon, kore, ya cika takarda, jarumin kuma can baya kamar ƙwaro. Injiniya ya auna da tsinke: ƙaho ya ninka mutum sau biyu. Ya yanka ganguna, ya lanƙwasa, ya liƙe, ya shafe da koren fenti.

Ranar ɗauka ƙaho ya ƙi fita. Aka cire ƙyauren shago, ya ƙi. Aka fasa bango, ya fita, kwanon rufi ya biyo shi rakiya. Mai kurar dakon da aka kira ya kalli kayan, ya tuna yana da iyali, ya tafi. Haka Injiniya ya mirgina abinsa har silima, matarsa na biye da littafin a matsayin hujja.

A bakin ƙofa kowane ɗan kallo na rataye da ɗan jan ƙaho kamar yatsa.

"Wannan bututun kwata fa?" in ji manaja.

"Kun gani ko? Fim ya ƙanƙantar da shi. Uwargida, nuna masa."

Matar ta buɗe, ta kuma yi abin da mijinta bai taɓa yi ba, wato ta juya shafi. Ga jarumi riƙe da ƙahon tsakanin yatsu biyu.

"Baban yara, a shafin farkon kusa da ido aka zana shi."

Manaja ya ce kujerunsa sun gode, za su ci gaba da karyewa da kansu.

Injiniya ya share gumi. "To, ai launin dai na fi su gaskiya. Na littafi kore ne, nasu ja."

Matar ta kankare shafin da farce, koren ya biyo yatsanta.

"Shuɗi ne. Wannan gansakuka ce, littafin ya sha ruwa."