Takardar da na manna cikin sarba

Ni ke kula da na'urorin wani gidan rediyo a Dogon Dutsi, kuma komai na taɓa sai na rubuta, don tsoron mantuwa. Ran da sarbarmu, babbar na'urar ajiye shirye-shirye, ta lalace, ta ƙi karɓar faifan CD, ta ƙi kile, wato filas ɗin USB, alhali da su ake ɗora mata sistem. Darakta ya ce in ban ɗora sabon sistem kafin Juma'a ba, zai ɗauko wani daga Yamai.

Na ciro diskin da ke riƙe sistem a cikinta, na naɗe shi da rawani, na rungume shi bisa kabu-kabu har garin Gecheme. A na'urar abokina na ɗora sistem ɗin. Na dawo na mayar, ta tashi! Darakta ya rungume ni, na shiga bayani kamar injiniya.

Sai Rabi sakatariya ta leƙa akwatin sarbar, ta ciro takarda manne da wayoyin CD da kile, suna reto. Ta karanta da ƙarfi: "Na cire don shara. Kada in manta in mayar."

Ta dube ni ta ce, "Malam, rubutun wa ye wannan?"

Aikina dai yana nan. Amma har yau, ko takalmi na cire a ƙofar masallaci, sai wani ya ce, "Injiniya, ka manna takarda?"